Janareto, waya da gurmi: yadda aka haɗa sautin wani fim ɗin ɗalibai a Sakkwato

Fim ɗin gajere ne, minti 18, aikin kammala karatu na ɗalibai biyar masu koyon aikin jarida da watsa labarai a wata babbar makaranta a nan Sakkwato. Labarinsa ba shi da rassa. Wani saurayi ne mai shagon cajin waya a Mabera. Da magariba wani baƙo ya kawo ƙaramar waya caji, aka ba shi lamba a guntun kwali kamar kowa, ya tafi. Dare ya yi, kowa ya karɓi tasa, wannan ɗaya ta rage. Wajen ƙarfe 11 ta fara ƙara. Saurayin ya ƙyale ta, ta katse, ta sake, har ya gaji ya ɗauka don ya ce mai ita ba ya kusa. Sai ya ji muryar wani dattijo tana rawa: sun sayar da gonar, kuɗin bai cika ba, a yi wa Allah a ba shi yaron ya ji muryarsa. Daga nan har asuba kyamara ba ta bar cikin shagon da bakin ƙofarsa ba. Saurayin ya san abin da ke hannunsa, ya kuma san mai wayar zai dawo.

Hoton ya fito da kyau, ɗan wasan kuma ya iya zaman tsoro ba tare da zare ido ba. Malaminsu ya kira ni ne saboda sauti, kasancewar haɗa sauti ne sana'ata tun ina gidan rediyo. Kayan aikinsu kaɗan ne: kwamfuta ɗaya, na'urar ɗaukar sauti ta hannu da suka aro, makirufo biyu na maƙalawa a riga, manhajar Audacity da DaVinci Resolve, dukansu na kyauta. Wannan ya wadatar. Matsalar ba ta kaya ba ce.

Abin da suka fara kawowa

A tacewar farko babu daƙiƙa goma a jere da ba kiɗa. Daraktan ya kwaso sautuka daga finafinan Amurka da na Indiya: dogon gurnani mai zurfi a ƙarƙashin komai, kukan goge irin na Turawa duk lokacin da wayar ta yi ƙara, da wata irin bugawa mai firgitarwa duk sanda saurayin ya waiga. A iyafis ɗin daraktan abin yana da nauyi, shi kansa tsigar jikinsa na tashi. Da suka nuna wa 'yan ajinsu, aka yi dariya a wuri uku, kuma duka ukun wuraren bugawar nan ne. Masu kallo sun san sautin, sun sha jin sa a barkwancin TikTok, inda ake ɗora shi a kan akuya ta ture tukunya.

Abu na biyu ya fi wannan muni, ba su ma lura da shi ba. Na ce a tura fim ɗin cikin wayar ɗayansu a kunna a lasifikarta. Gurnanin nan da aka gina komai a kansa ya ɓace ɗungurungum. Kunnen ɗan Adam yana jin amo daga wajen hertz 20 zuwa 20,000 (hertz shi ne yawan girgizar sauti a daƙiƙa, ƙaramin adadi amo mai zurfi ke nan), amma ƙaramar lasifikar waya kusan ba ta fitar da komai a ƙasa da hertz 200. Kiɗan da aka yi don gidan sinima mai manyan lasifikoki yana zuba ƙarfinsa ne a can ƙasa. Su kuwa masu kallon wannan fim, in ka cire ranar da za a haska shi a makaranta, a waya za su gan shi, wasu mutum uku a kan waya ɗaya a bakin mai shayi.

Na uku shi ne wanda ya tsorata su, don shi ya zo da takarda. Sun ɗora tallar fim ɗin ta minti ɗaya a YouTube, kafin gari ya waye na'urar Content ID, wadda YouTube ke gano kayan da ke da mai shi da ita, ta gano kiɗan, aka aiko musu da sanarwa cewa mai shi ya toshe bidiyon a wasu ƙasashe. Furodusar, wata ɗaliba mai kaifin baki, ta ce ai su ɗalibai ne, ba kuɗi suke nema ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta yi sassauci ga karatu da bincike, gaskiya ne. Amma nuna wa malami a aji daban, sakin fim ga duniya daban, kuma na'urar YouTube ba ta tambayar katin makaranta. Na kuma tuna musu cewa a kowace waƙa haƙƙi biyu ne: na wanda ya tsara kiɗan, wanda ke wanzuwa har shekara 70 bayan rasuwarsa, da na wanda ya mallaki ɗaukar da aka yi a faifai, mai shekara 50. Don haka "ai mawaƙin ya daɗe da rasuwa" ba hujja ba ce. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Aka share duk kiɗan, aka bar fim ɗin tsirara.

Kayan kiɗan gida, da masu su

Shawara ta gaba ita ce wadda kowa zai kawo: tunda na waje ya ƙi, a koma na gargajiya. A nan muka fi daɗewa, kuma a nan ne nake ganin darasin yake.

Daraktan ya samo wani makaɗin kalangu ta hanyar kawunsa, aka kawo shi wani ƙaramin sitidiyo a Tudun Wada. Aka kunna masa fitowar da saurayin ke kai da komo a shago, aka ce ya kaɗa wani abu mai sauri, mai tayar da hankali. Dattijon ya kalli hoton, ya kalli yaran, ya ce, "To, taken wa za ni kiɗa muku?"

Daraktan ya ce, "Baba, ba taken kowa ba, kiɗi kawai, wanda za shi ba mutane tsoro."

Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, kalangu magana shika yi. In ban ce komi ba, mi za su ji?"

Duk da haka ya kaɗa, kuma kiɗan ya yi daɗi. Daɗin ne ya ɓata shi. Kafin rabin minti mai ɗaukar sautin ya fara kaɗa kafaɗa bai sani ba. Kalangu a kunnen Bahaushe yana tare da mahauta, da filin dambe, da dandalin 'yan mata, da biki. Mai kallo zai ga saurayi a kulle cikin shago hantar cikinsa na kaɗawa, kunnensa kuma na gaya masa an fito da ɗan dambe. In ido da kunne suka saɓa, a kiɗa kunne ke rinjaye.

Haka muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, yawanci a baki, ba sai an ɗauko makaɗi ba. Tambari yana da zurfin da ake so, amma tambari na sarauta ne, kuma a garin da fadar Sarkin Musulmi take ba a ɗora shi a kan mai satar mutane. Kakaki da algaita haka. Taushi da kotso kiɗan fada ne, wanda ya tashi a Sakkwato yana jin taushi zai tuna da Salihu Jankiɗi da waƙoƙin sarakuna, ba da shagon caji ba. Goge da garaya sun fi kusa, don suna da wani irin kuka da ke ratsa jiki, amma suna jan hankali zuwa bori. Da mun sa su, da rabin masu kallo sun ɗauka wayar ta aljanu ce, su zauna jiran a kira mai ruƙiyya. Tsoron wannan labari kuwa yana cikin cewa mai wayar mutum ne, yana sayen shayi inda kake saya.

Sai aka zo kan sarewa. Wani daga cikinsu ya ce a riƙa busa ta a hankali duk lokacin da aka tuna da baƙon. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, sautin ne ya burge shi. Na ƙi, malaminsu ma ya ƙi. Sarewa makiyayi take kira a zuciyar mai sauraro. Labarin bai faɗi ko baƙon wane ne ba, bai nuna fuskarsa sosai ba, Hausarsa ma irin ta kowa ce, kuma da gangan marubucin ya yi haka. Busa ɗaya ta sarewa za ta nuna wata ƙabila da yatsa, ta faɗi abin da marubucin ya ƙi faɗa, a yankin da irin wannan zargi ya riga ya ci rayuka. Mai zaɓen kiɗa yana iya yin ƙazafi ba tare da ya furta kalma ba, kuma ɗaliban aikin jarida ya kamata su san wannan tun suna makaranta.

Ba ina cewa kayan kiɗan Hausa ba su shiga fim ɗin fargaba ba ne. Suna shiga, in labarin ya taɓa duniyar da suka fito. Fim a kan rikicin gadon sarauta, tambari da dare zai hana mutum barci. Wannan labari ne bai da hurumi da su.

Injin da ke bakin ƙofa

Mafitar tana cikin labarin tun farko. Shagon caji ba ya rayuwa sai da janareto. A lokacin ɗauka ɗaliban sun ɗauke shi a matsayin abokin gaba, kuma sun yi abin da ya dace: sun kashe shi, sun haska shagon da fitilun batir, don maganar ɗan wasa ta fito tas. Sai dai a tacewa sun manta su mayar da shi. Ga soket-soket cike da wayoyi suna ƙyafta ido, ga ƙwan lantarki a kunne, amma ba ƙarar inji. Duk wanda ya taɓa kai waya caji zai ji wani abu bai zauna daidai ba, ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Muka koma shagon da dare muka ɗauki ƙarar injin shi kaɗai, ƙaramin nan ne da ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Mun ɗauke shi ta fuska huɗu: daga cikin shago ƙofa a buɗe, daga ciki ƙofa a rufe, daga dab da shi, da kuma daga tsallaken titi. Injin yana waje duk tsawon lokacin, don hayaƙinsa a rufaffen ɗaki kisa yake yi, ba a wasa da wannan ko don fim.

Dalilin da ya sa wannan ƙara ta yi aikin da gurnanin Turawa ya kasa yana da sauƙin bayani. Irin wannan inji yana juyi 3,000 a minti don ya ba da wuta mai hertz 50, wadda ita ce ta Najeriya. Wato yana bugawa sau 50 a daƙiƙa. Wannan ma ya yi ƙasa da abin da waya za ta fitar. Amma ƙarar inji ba tsaftatacciya ba ce, tana ɗauke da 'ya'yanta, wato amon da ke ninka na asali, a hertz 100, da 150, da 200, da 250, har sama, ga kuma karkarwar ƙarfe da ta tankin mai. Waya tana fitar da na saman, kunne kuma ya cike na ƙasan da kansa. Don haka a lasifikar waya ma ana jin nauyinsa.

Daga nan muka riƙa sarrafa shi kamar kayan kiɗa. A mintunan farko yana can baya, ba mai kula shi. Lokacin da saurayin ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe bayan kiran farko, ƙarar ta dushe ta koma gurnani a bayan bango, shagon ya ƙara ƙunci ba tare da an motsa kyamara ba. Bayan kira na biyu muka fara ɗaga shi kaɗan-kaɗan, a tsawon minti uku, yadda ba wanda zai ce ga inda aka ƙara, sai dai mutum ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi.

Sai babban abin. Mun rufe makunnin mai muka bar injin ya shanye abin da ya rage, makirufo na ɗauka. Kowa a garin nan ya san wannan sauti: injin ya ɗaga murya, ya sauke, ya ɗaga, ya yi tari biyu, ya yi kamar zai farfaɗo, sannan ya mutu. Mun ɗora shi a minti na 12. Mai kallo ba ya bukatar a gaya masa ma'anarsa. Mai ya ƙare, duhu na zuwa, kuma jarkar tana waje, sai an buɗe ƙofa. An ɗan sake ɗaukar hoto don wutar ta yi rawa daidai da tarin injin, wannan ne kaɗai abin da sauti ya tilasta wa kyamara.

Bayan mutuwar injin ba mu bar wurin babu komai ba, don shirun da ba komai a cikinsa kamar lalacewar fayil yake a kunne. Mun sa sautin shagon da aka ɗauka ba kowa na motsi, da tas-tas ɗin kwanon rufi yana hucewa, da haushin kare can nesa, da iskar hunturu tana tura leda a kan titi. Tun farko mai tacewar ta sauko da wani "sautin dare" daga Freesound, wani shafin sautuka a intanet. Sautin mai lasisin CC0 ne, wanda ba ya bukatar izini ko ambaton suna. Ta fuskar doka ba laifi. Amma cike yake da kukan kwaɗi, ɗan wasan kuwa yana sanye da rigar sanyi, leɓensa a tsage. Kwaɗi a Mabera cikin hunturu! Aka cire, aka aiki mutum biyu da na'ura su ɗauko daren unguwar, an naɗe makirufon da soso da safa saboda iska.

Ƙarar wayar

Wayar tana ƙara sau shida a fim ɗin, don haka ƙararta ita ce waƙar fim ɗin, ko an so ko ba a so ba. Wadda ta zo da wayar mallakar kamfanin da ya ƙera ta ce, kuma ta yi yawa a gari, za ta yi ta tashi a aljihun masu kallo. Muka je wurin wani mai fiyano, irin masu yi wa mawaƙan zamani kiɗa, muka ce ya ba mu amo biyar kacal, masu fara'a, marasa daɗi, irin na waya mai araha. Ya so ya ƙawata, ya sa ganga a ƙasa, aka hana shi. Fara'ar ce ake so. Ƙarar da ke murna alhali ka san abin da ke bayanta ta fi kowace ƙara mai ban tsoro.

Ba mu ɗora ta kai tsaye daga kwamfuta ba. Mun tura ta cikin ainihin ƙaramar wayar, muka ajiye ta a kan katakon shagon cikin sauran wayoyi, muka kira, muka ɗauka da makirufo. Sai ga kyauta: girgizar wayar tana sa ta tafiya a kan katako, tana gogar cajar kusa da ita, zzz, zzz. A kira na biyar, cikin duhu, saurayin ya danne lasifikar da babban yatsa, muka bar girgizar kaɗai.

Wannan ƙara tana da nauyi a nan fiye da yadda za ta yi a wani wuri. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan, saboda waya ta zama kayan aikin masu ɗaukar mutane. Akwai gidaje da yawa da baƙuwar lamba ke tsinka musu zuciya. Ɗaliban sun san haka fiye da ni, shi ya sa ba su yi gardama ba da na ce kada a ɗora wani kiɗa a kan muryar dattijon.

Babur ɗaya

Gardamar da ta fi zafi a kan babura aka yi ta. Daraktan yana son a ji ayarin babura goma suna tunkaro shagon kafin baƙon ya iso. Ya riga ya haɗa, kuma abin yana da firgitarwa ƙwarai. Mai tacewar, wadda iyayenta suka taso daga wajen Sabon Birni suka dawo cikin gari, ta cire iyafis ta ajiye.

"Malam," ta ce da ni, "wanga ba tsoron fim na ba. Wanda yat taɓa jin shi da gaske tashi za shi yi shi fita."

Daraktan ya ce ai abin da ake nema ke nan. Ta ce a'a, ana neman mutum ya zauna ya kasa tashi.

Na goyi bayanta, ba don tausayi kaɗai ba. Ayarin babura wani labari ne daban, labarin hari a ƙauye. Mutumin da ya bar waya caji a tsakiyar Sakkwato shi kaɗai zai dawo, a natse, wataƙila ma a bayan ɗan kabu-kabu. Abin da muka yi shi ne babur uku a rarrabe. Na farko ya taho ya wuce, saurayin ya sauke numfashi. Na biyu ya rage gudu a bakin shagon, ya yi jim, ya ci gaba. Na uku ba a ma ji shi sosai ba: ya taho daga nesa, aka kashe shi tun bai iso ba, sai ƙarar sarƙa da tayoyi a kan yashi ana turo shi. Sannan jan ƙafa, silifa ɗaya tana ɗan karta ƙasa. Takun nan a tsakar gidan su furodusa aka yi shi, a kan yashin da aka zuba a tabarma, mai ɗaukar sauti yana taka wa hoton sawu.

Baƙon bai buga ƙofa ba. Guntun kwalin nan mai lamba ya turo ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfe. Mun sa makirufo a ƙasa dab da siminti muka ɗauki kartar kwalin, kuma a duk fim ɗin ba sautin da muka ɗaga sama da girmansa kamar wannan. A nan kaɗai aka sa bugu: tafin hannu a bakin tulu, sau ɗaya duk bayan daƙiƙa biyu. Tulu ba taken kowa yake kaɗawa ba. Zurfinsa yana ɓacewa a waya, amma marin tafin yana fita, ya isa.

Kiran salla, da gurmi

A rubuce yake a labarin cewa kiran assalatu ne ke raba saurayin da baƙon. Daraktan ya so bugun tulun ya ci gaba a ƙarƙashinsa. Malaminsu ya ce ba a ɗora kiɗa a kan kiran salla, kuma ba wanda ya ja. Ta fuskar aiki ma hakan ya fi. Da ladanin farko ya ɗaga murya daga nesa, bugun ya tsaya cak. Na biyu ya karɓa daga wani gefen, na uku daga kusa, kamar yadda asubar garin nan take. Daga saman wani bene aka ɗauko shi, don ya zo a haɗe ba muryar mutum ɗaya ba. Sai ƙarar buta, da buɗe ƙyaure, da tarin wani tsoho. Unguwa ta farka, baƙon ba shi da sauran lokaci. Saurayin ya miƙa wayar ta kafar ƙofa, bayan ya kwafe lambar dattijon a bayan wani kwali.

Kiɗa na gaske a fim ɗin bai wuce daƙiƙa 50 ba, kuma a ƙarshe yake. Wani mai gurmi ne ya kaɗa amo biyar ɗin nan na wayar, a hankali, a tsirkiya ɗaya, yayin da saurayin ke kallon lambar. Gurmi bai da nauyin fada ko na bori a kunnen yawancin mutane, kuma da aka rage masa gudu bai kira rawa ba. Mun kunna masa ƙarar injin a iyafis ya ɗaure tsirkiyarsa daidai da ita, don haka da saurayin ya fita ya zuba mai ya ja igiya, injin da gurmin suka zauna a murya ɗaya. An biya shi, an rubuta takarda da Hausa, aka karanta masa a gaban ɗansa, ya sa hannu.

Haɗawa da abin da ya biyo baya

Haɗawar ba ta da wani sirri. Komai a kilohertz 48, kamar yadda aka saba a aikin bidiyo. Magana aka fara daidaitawa, sauran suka bi ta. YouTube yana rage duk abin da ya wuce wajen 14 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS, don haka cika ƙara ba ya ƙara komai sai dai ya kashe bambancin da ke tsakanin shiru da amo, wanda shi ne jarin wannan fim. Duk fitowar da aka gama sai an saurare ta a iyafis, a waya, da kuma a lasifikar Bluetooth irin ta masu shayi.

Ranar da aka haska shi a makaranta ba a yi dariya ba. Da injin ya fara tari, wani a baya ya ce "mai ya ƙare" da ƙarfi, ba wanda ya tanka masa. YouTube ma bai aiko da komai ba.

Abu ɗaya bai yi ba. Don muryar dattijon ta yi kama da ta waya, an yanke ta tsakanin hertz 300 da 3,400, wanda shi ne faɗin layin tarho na asali. A iyafis daidai ne. A babban ɗakin taro mai amsa kuwwa kuwa, kalmar "gona" da adadin kuɗin sun narke, wasu suka riƙa tambayar na kusa da su me ya ce. Mai tacewar ta buɗe saman muryar kaɗan a kwafin da aka saki, ta kuma sa rubutu a ƙasa a wannan wurin. Daraktan har yanzu yana ganin da an bar masa kalangu a kan sunayen ƙarshe, kuma fim ɗinsa ne, yana da damar ganin haka.

Akwai kuma maganar takardar mai gurmi. Abin da aka rubuta a ciki shi ne nunawa a makaranta da sakawa a intanet. Bayan fim ɗin ya zagaya, wani gidan talabijin ya nemi ya haska shi cikin shirin matasa. Furodusar ta so ta amsa nan take, malaminsu ya ce ta duba takardar tukuna. Talabijin ba ya ciki, haka ma mai fiyanon ba a taɓa rubuta komai da shi ba, baki da baki aka yi. Sai sun koma wurin su biyun an sake zama kafin su ba gidan talabijin ɗin amsa.